Hoton Ƙofar Iya Tabawa

Wannan labari na ji shi ne a shekarun da nake yawo da buzuna a garuruwan bakin kogi, ina sauka inda rana ta faɗi mini. Gara in gaya muku tun yanzu, wani sashe nasa ya zube mini a hanya. Sunan garin ya tafi. Wani lokaci sai in ji kamar Tungar Arzika ne, can kuma in tuna ai Arzika sunan mutum ne a cikin labarin. Akwai kuma abu ɗaya a ƙarshe da na laluba a kaina na rasa, idan mun isa wurin zan faɗa muku, domin ku ne za ku cike mini shi. Abin da ya rage dai ga shi yadda na riƙe shi.

A garin akwai wata tsohuwa, sunanta Iya Tabawa. Ƙafafunta sun daɗe da daina ɗaukarta, saboda haka gadonta aka juya mata yana fuskantar ƙofa, a nan take wuni, a nan take kwana. Idan ta ɗora kai a kan matashi da rana, a cikin ɗaki tana ganin jeren kwanukanta a bango, da randa a gefen ƙofa, da malafar marigayi mijinta a rataye inda ya bar ta. Ta bakin ƙofa kuma tana ganin tsakar gida, da tsamiyar da marigayin yake zama a gindinta yana gyaran taru, bayan tsamiyar ga kogi yana ƙyalli. Da magariba a kunna mata aci-balbal, masunta kuma su kunna fitilunsu a kan ruwa. Al'adar garin ita ce kowane gida yana da gurbinsa na su a kogin, wanda ya gada daga iyaye, babu mai shiga na wani. Don haka Iya Tabawa tana daga kwance ta san fitilar kowa, har ta san wanda ya makara da wanda bai fito ba.

Sai aka gina madatsar ruwa a can ƙasa da garin, aka ce idan ruwa ya taru zai dawo baya ya shanye gidajen. Aka ba mutane fili a kan tudu, suka sa masa suna Sabuwar Tunga, suka fara kwashe kaya. Gida ya tashi, wani gidan ya bi, har garin ya zama babu kowa sai gidan Iya Tabawa. Ita ta ce ba inda za ta je.

Tana da jikoki uku da ta rena bayan rasuwar iyayensu. Babban shi ne Jatau, mai hoto ne, yana da shago a wani garin kasuwa. Mai bi masa Ladidi, tana aure a birni, tana aiki a wurin da ake gyara hotuna a kwamfuta a buga su. Autansu Korau, shi ma ya ajiye iyali, shi ne ya zauna a gida yana su. Sun taɓa haɗuwa su ukun suka ɗaga gadon da ita a kai. Ba ta yi ihu ba. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta ce duk wanda ya fitar da ita ba da yardarta ba, ba ta yafe masa renon da ta yi masa ba. Suka ajiye gadon. Daga nan ta rufe baki ta ƙi abinci, sai da suka rantse ba za su sake ba. Ruwa kuwa bai san da rantsuwarsu ba. Kullum safiya sai ka ga ya ci wata gona.

Wata rana Jatau ya zauna a bakin gadon yana lallashinta. Ya ce, “Iya, ɗakin da ke can ya fi wannan. Rufin kwano ne, ga siminti, har da taga.”

Ta ce, “Tagar me take kallo?”

Ya ce, “Bayan gidan Liman.”

“To ka je ka kwanta ka kalla, angon banza. Ni duniyata duka faɗin ƙofar nan ce. In kun raba ni da ita, me kuka kai tudun? Buhun ƙashi?”

Jatau ya ce wannan mai sauƙi ne, zai ɗauki hoton ƙofar a kafa mata a can. Ya fito da kyamararsa ya ɗauka, ya nuna mata. Tsamiya ta fito, kogi ya fito, amma ɗakin baƙi ƙirin. Ta ce, “Kabari ka ɗauko mini tun ban mutu ba?” Ya gyara ya sake ɗauka. Wannan karon kwanuka da randa suka fito, ƙofa kuma ta zama fara fat, babu tsamiya, babu kogi. Ta ce, “Wannan kuma an riga an yi ambaliyar, amma ta nono.” Ya kunna fitilar nan mai walƙiya da yake ɗaukar amare da ita. Kwanuka suka yi ƙyalli kamar idon mage, inuwa ta tsaya a bayan komai. Ta ce, “Sai ka ce an kama ɓarawo a ɗakina.” Ta yi dariya har da tari. Da ta huta ta ce musu, “Ranar da kuka kawo mini ƙofar nan yadda nake ganinta, ciki da waje, ta rana da ta magariba, da bakina zan ce ku ɗauke ni.”

Ta faɗi haka ne don ta ga abin ya gagari mai sana'ar. A ranta ta gama shawara, ruwa zai same ta a gadonta, kuma hakan bai tsorata ta ba kamar tagar da ke kallon bayan gidan Liman.

A nan bari in ɗan tsaya, don ni ma sai da aka maimaita mini kafin na gane. Kyamara tana da ido ɗaya, kuma a kowane ɗauka buɗewa ɗaya take yi. In ta buɗe sosai don ta ga abin da ke cikin duhu, hasken waje sai ya ƙone hoton. In ta ƙanƙance don ta ga waje, ɗaki sai ya nutse. Idon ɗan Adam kuwa Allah Ya yi shi yana buɗewa yana ƙanƙancewa ba tare da mai shi ya sani ba. Mu da muka yi karatu a zaure mai duhu muna leƙen rana a waje mun daɗe muna cin wannan ni'ima, ba mu taɓa gode mata da sunanta ba. To, mu koma.

Jatau ne ya fara samo bakin zaren. Washegari da hantsi ya shigo daga rana, ya tsaya a ƙofa yana lalube, bai ga ko gadon ba. Iya Tabawa ta ce, “Tsaya idonka ya huce mana, kada ka fasa mini randa.” Ya tsaya. A hankali randa ta fito, kwanuka suka fito, sannan malafa. Tana kallonsa ya juya ya dubi waje, ya sake juyowa, ya yi haka sau da yawa kamar wanda ya yar da wani abu. Sai ya ce, “Iya, ashe ba kallo ɗaya ido yake yi ba.”

Ta ce, “Sai yau ka sani, da gemunka?”

Shawarar da ya yanke ita ce ya ɗauki hotuna da yawa na wuri ɗaya, ya fara da ƙanƙantaccen buɗewa wanda zai kama gajimare da ƙyallin ruwa, ya riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan har ya kai wanda zai kama lungun da ya fi duhu. Sharaɗin shi ne kada kyamara ta gusa ko da faɗin gashi, in ta gusa hotunan ba za su hau kan juna ba. Sandarsa mai ƙafa uku ta yi tsawo, tana kallon ƙofar yadda mai tsayuwa yake ganinta, shi kuwa ganin mai kwanciya yake so. Sai ya kifa turmi a kan gadon ta wajen kai, ya danne shi da duwatsu, ya ɗaure kyamara a kai daidai kunnen tsohuwar. Ya kwanta ya leƙa, ya tashi ya gyara, ya sake kwanciya, har abin da kyamara take gani ya zama abin da take gani, har da ƙafafunta a ƙarshen gado cikin baƙin zane. Ya ce kada ta motsa su. Ta ce ai sun riga shi yin wannan alkawari.

Ya gama na rana. Bai kwance kyamarar ba, don yana so na magariba ya faɗa daidai inda na rana yake. Ita ce jarinsa duka, ya bar ta ɗaure a ɗakin da danshi ya fara hawa bangonsa, ya rufe shagonsa a lokacin bukukuwa, ya shimfiɗa tabarma a ƙasa yana gadinta daga kaji da iska.

Da magariba ta yi, Iya Tabawa ta dubi kogi ta ce, “Kada ka wahalar da kanka. Ba wannan magaribar na ce ba.” Gaskiya ta faɗa. Masunta duk sun koma tudu, kogin ya zama baƙin fili babu fitila ko ɗaya. Ta ji daɗin wannan a ranta, don ta ga sharaɗinta ya tsaya da ƙafafunsa.

Nan aikin Korau ya zo. Ya tuƙa kwalekwalensa ya haye Sabuwar Tunga, ya bi gida gida yana roƙon masunta su koma tsohon gurbinsu na maraice ɗaya. Abin bai zo da sauƙi ba. Sun riga sun yi wa garin addu'ar bankwana, kuma a wurinsu komawa inda aka yi wa sallama nauyi ne, wasu ma suna ganin ba alheri ba ne. Arzika, wanda shi ne babbansu, ya ce masa su ba 'yan wasan kwaikwayo ba ne da za su je su kunna fitila a inda babu kifi. Korau bai yi gardama ba. Ya ce, “Baba Arzika, tun da kuka tashi, kullum magariba sai ta kira sunayenku ɗaya ɗaya, tana cewa wane ya makara.” Daga baya tsohon ya aika a duba masa fitilarsa.

Samun yardarsu rabin aiki ne. Ruwa ya hau ya rufe duwatsu da kututturan da kowa yake gane gurbinsa da su. Korau ya wuni a kan ruwa yana waiwayen tsamiya da ƙofar ɗakin, yana auna kowane gurbi da ido, yana kafa gwangwala a cikin laka. Jatau kuma ya gaya masa cewa da duhu dole idon kyamara ya daɗe a buɗe, gwargwadon lokacin da mutum zai karanta Fatiha a tsanake, wani ɗaukan ma fiye da haka, kuma duk jirgin da ya motsa a lokacin, fitilarsa za ta zama doguwar tsutsa a hoton. Saboda haka Korau ya ɗaure kowane jirgi gaba da baya.

Aka rasa wanda zai ba masunta alama, don Jatau ba zai bar kyamara ba. Iya Tabawa ta ce a miƙo mata kwano da cokali, ita ba za ta zauna tana kallon aikin shirme ba. In ta buga sau ɗaya kowa ya ƙame, in ta buga sau biyu a numfasa. Ta gaya wa kanta cewa don a gama a ƙyale ta ne.

Rana ta faɗi, aka idar da salla, fitilu suka fara kamawa. Ta ji bakinta yana kiran sunaye ba da izininta ba. “Arzika. Nomau. 'Ya'yan Cindo, kullum a manne da juna.” Sai ta ga wata fitila ta kama a hagun tsamiya, a gurbin mijinta. Tun rasuwarsa ba a sake kunna wuta a nan ba. Korau ne ya gaje shi, amma kunya ta hana shi shiga, shekara da shekaru yana raɓawa a gefen na wasu. Wurin ya yi zurfi yanzu, gwangwala ba ta kai ƙasa sosai, don haka ya ajiye fitila a jirgi, ya sauka ya taka wani dutse da ya sani, ruwa iya ƙirjinsa, ya rungume jirgin da hannu biyu. Cokali ya tsaya a hannun Iya Tabawa. Sai da Jatau ya ce a hankali, “Iya, ke muke jira,” sannan ta buga.

Suka yi ta yi har kusan isha. Jatau ya ɗauki gajere don harshen aci-balbal da fitilun kogi, ya ɗauki dogaye don sararin sama da bangon ɗaki. Korau ya fito daga ruwa haƙoransa suna kaɗawa.

Yanzu hotuna sun taru da yawa, amma babu ko ɗaya da za a nuna wa tsohuwa. Wani duhu, wani fari, kowane yana riƙe da guntun gaskiya. Haɗa su aikin Ladidi ne. Aka kai mata su birni, ta jera su a kwamfuta, ta sa ta ta tsamo mafi haske daga kowane. Abin ya ƙayatar da ita, don babu lungun da bai fito ba. Ta buga, ta taho da murna, Korau ya hayo da ita, don a lokacin ruwa ya yanke hanyar mota.

Aka ɗaga hoton a gaban gado. Komai ya fito da haske iri ɗaya, tun daga gajimare har ƙarƙashin randa. Tsamiya ta yi wani farin gewaye kamar tana tururi, na magariba kuma ya koma kamar rana mai hazo. A saman ƙofa, tsakanin bango da jinka, inda ido bai taɓa kaiwa ba saboda duhu, ga wani ƙunshin farin yadi ya fito tar. Ladidi ta gan shi tun a birni, ta ɗauka tsumma ne. Yanzu da ta ga yadda Korau ya sunkuyar da kai, sai ta gane. Likkafani ne. Iya Tabawa ta sa wata maƙwabciya ta ɗora mata shi can tun lokacin da aka fara zancen tashi, ta ɓoye wa jikokinta.

Tsohuwar ta juya fuska bango. Ta ce, “Kin share mini duhuna, 'yar birni. Wa ya ce miki duk abin da ke ɗakina nake so a gani?”

Mazan suka fita. Ladidi ba ta ba da haƙuri ba, ba ta kuma kare kanta ba. Ta cire mayafi ta hau gadon, ta kwanta a bayan kakarta, ta sa kai a matashi ɗaya da ita, kamar lokacin da take yarinya. Iya Tabawa ta ce, “Sauka, kin fi ƙarfin gadon nan.” Ba ta sauka ba. Ta wuni a nan tana kallon ƙofa, tun azahar har fitar taurari. Ta ga cewa in ido yana kan tsamiya, kwanuka bakinsu kawai yake ƙyalli. Malafa siffarta ake gani, ba saƙarta ba. Saman ƙofa duhu ne mai laushi, wanda ya san akwai abu a wurin zai ji alamarsa, wanda bai sani ba zai wuce. Da magariba sama tana riƙe da wani shuɗi mai nauyi, wutar aci-balbal kuma ƙarama ce, ƙarfinta daga duhun da ke kewaye da ita yake. Tun can wajen la'asar Iya Tabawa ta ji hannu ya zagayo ya riƙe nata, ba ta kuma ture shi ba.

Ladidi ta koma birni. Wannan karon ba ta bar wa kwamfuta zaɓi ba. Ta bi hoton da hannu, wuri wuri, tana cewa nan a ɗauko daga mai duhu, nan daga na tsakiya, nan kuma a bar shi kamar yadda ido ya bar shi. Ta buga ta duba ta yage, ta sake bugawa. Daga ƙarshe ta manna na rana a fuska ɗaya ta wani allon katako mai girman ƙofar taga, na magariba a ɗaya fuskar, ta sa igiyar ratayewa.

Ranar da suka iso da shi, ruwa ya shigo tsakar gida, yana lasar dokin ƙofa, Jatau ya ɗora kayan ɗakin a kan gado. Korau ya kawo jirgi har bakin ɗaki. Aka kwance tabarmar da aka naɗe allon a ciki, Jatau ya riƙe shi a gefen ƙofa. Iya Tabawa ta dubi ƙofa, ta dubi allo, ta sake duban ƙofa. Tana neman ƙarya ne, don ta saba samu. Ta ga tsamiya da ganyenta, ga kogi a inda yake a da, ga randa, ga bakin kwanuka. Ta ga baƙin zane a ƙasan hoton.

Ta ce, “Har da ƙafafun banzan nan ka ɗauko?”

Jatau ya ce, “Ai suna cikin abin da kike gani, amarya.”

Ta ce a juya. Aka juya. Ta bi fitilu da yatsa daga nesa, leɓenta yana motsi, har ta kai ta hagun tsamiya ta tsaya. Sannan ta ɗaga ido zuwa saman ƙofar da ke cikin hoton. Duhu ne, irin nata. Ta daɗe tana kallonsa. Abin da ta ji a ranta shi ne, ƙofar da ke gabanta ta riga ta fara tafiya, ruwa ya ci tsakar gidan, masunta ba za su sake dawowa ba, wadda ke hannun Jatau ce ta fi kama da tata.

Ta ce, “Ladidi, sauko mini da ƙunshin can, ki sa a ƙasan kaya. Ba yau ba.” Sannan ta dubi mazan ta ce, “To me kuke jira? Ku ɗauke ni.”

Suka ɗauke ta, ta rungume allon a ƙirji. Da suka kai tsakiyar ruwa, inda hanya ta rabu, Korau ya ɗaga filafilinsa ya tambaya ina za a nufa. Sai ga shi kowa ya riga ya shirya mata ɗaki. Jatau yana da nasa a garin kasuwa, mijin Ladidi ya ware mata ɗaya a birni, Korau kuma ya gina nasa a Sabuwar Tunga, ya toshe tagar da ke kallon bayan gidan Liman. Kowa yana so albarkar tsufanta ta sauka a gidansa. Suka fara magana su uku a lokaci ɗaya. Ta ɗaga hannu ta ce, “Ni ba goro ba ce da za a fasa a raba muku. Gidan wanda ya fitar da ni daga ɗakin can, nan zan sauka. Ku gaya mini wane ne.”

Duk inda aka ba da labarin nan sai masu sauraro su rabu uku. Masu goyon bayan Jatau suna cewa shi ne ya gane ido ba kallo ɗaya yake yi ba. Ba don shi ba, da har yanzu ana tsakanin kabari da ambaliyar nono. Shi ya kifa turmi a inda kanta yake, ya ɗauko ƙofar daga gadon mai ita, ya bar sana'arsa da jarinsa a ɗaki mai danshi. Abin da ba a ɗauka ba kuwa, babu mai haɗa shi.

Masu goyon bayan Korau suna cewa kyamara abin da ke gabanta kawai take ɗauka, kuma a gabanta babu komai sai baƙin ruwa. Shi ya dawo da gari guda na maraice ɗaya, ya nemo gurbin kowa a ƙarƙashin ambaliya, ya tsaya cikin sanyin ruwa ya kunna fitilar da ta daɗe a mace. Rabin sharaɗin tsohuwa magariba ce, kuma magaribar shi ya kawo ta. Jirginsa ne kuma ya yi ta kaiwa da komowa bayan hanya ta yanke.

Masu goyon bayan Ladidi suna cewa duk wahalar mazan nan tarin guntaye ta haifar, waɗanda da an nuna wa Iya Tabawa su da dariya za ta yi. Ita ta mayar da su ƙofa ɗaya. Ta yi kuskure a gaban kowa, ta haɗiye, ta kwanta ta koyi kallo da idon kakarta, ta san abin da za a haska da abin da za a rufa wa asiri. Kuma sai da tsohuwa ta ga duhunta ya dawo sannan ta ce a ɗauke ta.

To, nan ne wurin da na ce muku ya zube mini. Na san an gaya mini gidan da ta sauka, har ma na je. Bayan rasuwarta hanya ta sake bi da ni ta wannan yanki, na yi tambaya, aka kai ni, aka shigar da ni ɗakin da ta ƙarasa kwanakinta. Allon yana nan a rataye daidai gefen gado. Na taɓa shi da hannuna, na ga gefensa na dama ya yi baƙi ya yi santsi, wurin da yatsunta suke kamawa, domin ta sa an rataye shi inda hannunta zai kai, kullum magariba ta juya shi, da asuba ta mayar. Wannan na tabbatar, ba ji na yi ba. Amma fuskar wanda ya ɗaga mini labule ya ce in shiga, ko mace ce ko namiji, ita ce ta ɓace mini.

Saboda haka na bar muku su a tsakiyar ruwa, filafili a sama, tsohuwa tana jira. Tsakanin Jatau da Korau da Ladidi, wa ya fitar da Iya Tabawa daga ɗakinta, gidan wa ya kamata jirgin ya nufa?